Ƙaramin Ludayin Gwaggo

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma. Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi, ana jiran ruwan shuka. Kafin azahar mun kai ta makwancinta a bayan ganuwa. Ban zaci za a taru ba, don tsohuwa ce da ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba, mijinta kuma ya daɗe a ƙasa. Na sa aka shimfiɗa tabarmi huɗu a ƙofar zaure, na ce za su isa.

Ba su isa ba. Kafin la'asar mata sun fara shigowa daga Tsiga da Bakori da ƙauyukan da ke kewaye da mu. Washegari har daga Malumfashi aka zo, a ƙasa, duk da tsoron mahara da ke kan hanya a bana. Kusan kowace mace tana jaye da wani, wata yaro, wata budurwa, wata ƙaton magidanci mai gemu. In sun gama yi mana gaisuwa sai ta tura shi gaba ta ce, "Ga ɗanta nan." Ni da na rufe ta a kan ba ta bar kowa ba, sai ga shi na rasa inda zan zaunar da 'ya'yanta.

Wanzamin garinmu, wanda suka yi shekara talatin suna faɗa da ita, ya zauna gefe yana share ido da hannun riga. Na ce masa, "Kai ma?" Ya ce, "To yanzu wa zai hana ni aiki?"

Amma wadda ta tsaya mini a rai wata Bafulatana ce da ta iso washegarin rasuwar. Ba ta san an yi mutuwa ba. Ta ratsa mutane ta wuce kai tsaye ƙofar ɗakin Gwaggo, ta durƙusa, ta kwance goyonta. Yarinya ce, wuyanta ya langaɓe. Matan gida suka gaya mata abin da ya faru. Ta ce Allah Ya jiƙanta, sannan ta dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "To wa ta bar wa?" Ta mayar da goyonta ta ɗaure, ta fita. Ina tsaye a wurin da ƙwaryar goro a hannuna, ban ce mata uffan ba.

Saboda wannan tambayar nake rubutun nan. Ni ba malami ba ne. Ajamin da na iya na alamta kaya ne, don falke ne ni: da jaki ɗaya na fara, ina kai auduga Kano ina dawowa da kanwa da gishiri, har Allah Ya sa na tara garke. Na san kaya mai kyau in na gan shi, na san mai algus. Abin da zan faɗa a kan Gwaggo ba yabon gawa ba ne.

'Ya'ya biyar ta haifa, ta binne su duka kafin yaye. Bayan na biyar ba ta sake haihuwa ba, sai ta koma kallon 'ya'yan mutane. Ba ta gaji magani wurin kowa ba. Duk gidan da aka ce yaro ba lafiya sai ta je ta zauna, ta ga abin da aka ba shi, ta ga wanda ya tashi da wanda bai tashi ba, ta riƙe a kanta. Ni ma a ɗakinta aka yaye ni, kuma da yake sunan mahaifinta aka sa mini, ba ta taɓa kiran sunana ba. "Babana" take ce mini har na yi furfura.

Ba ta ba da magani a kan labari. In uba ya zo ya ce ɗansa na zazzaɓi a ba shi abin da zai kai masa, sai ta ce, "Kai ne ba lafiya? To koma ka kawo mini mai ciwon." In an kawo yaro sai ta karɓe shi ta ɗora a cinya tana yi masa wasa: "Maigidana, mi ya same ka? Ka zo zance ba ko ɗan goro?" Tana wasan tana aiki. Ta shafa maɗigarsa ta ji ko ta faɗa. Ta ɗan tsunkuli fatar cikinsa ta saki, ta ga ko za ta koma da sauri. Ta duba in yana kuka da hawaye ko kukan busasshe ne. Sannan ta juya ga uwar ta yi tambayar da duk matan ƙasar nan suka haddace: "Yaushe rabon da ya jiƙa miki zane?"

Kuma ta san iyakarta. Karaya, sai ta ce a kai wa mai ɗori tun kafin ƙafa ta kumbura. Yaron da ke firgita yana zabura, ta ce a je wurin malam. In ƙyanda ta shigo gari, takan hana a tara yara wuri ɗaya, ta sa a riƙa wanke wa mai ciwon ido, a ba shi zuma da kunu ko yana turewa. Akwai ciwon da take duba ta ce, "Wanga ya fi ƙarfina," ba ta ƙara komai. Na ga masu magani da yawa a kasuwanni daga nan har Zariya, ban taɓa jin wani ya faɗi haka ba.

Faɗanta da wanzami a kan beli ne. Shi duk yaron da ya rame ko yake amai, sai ya ce belinsa ne ya sauko, a cire. Ita kuma ta ce ba a sa ƙarfe a bakin yaron da jikinsa ke zafi. Wata rana ya riga ya shimfiɗa zabirarsa a wani gida, an danne yaro, sai ga ta. Ta zauna daram a kan zabirar. Ya ce, "Tsohuwa, tashi mini daga kan abincina." Ta ce, "In zazzaɓin ya sauka ni zan aiko a kira ka, ka cire har da harshen ubansa in kana so." Bayan kwana bakwai yaro ya warke, ta kuwa cika alkawari ta aika masa. Ya zo ya leƙa bakin ya ce belin ya koma da kansa. Ta ce, "Jin ƙamshinka ya yi."

Abin da aka fi saninta da shi, zawon yara ne. A nan kowa ya san yadda ake yi. In yaro ya fara zawo sai a ce haƙori ne, ai kowane yaro sai ya yi, a zuba ido. In abin ya yi yawa sai a hana shi ruwa, wai abin da bai shiga ba ba zai fita ba. Gwaggo ta ce haka aka yi wa uku daga cikin nata. Ita sai ta soya gero ta niƙa, ta haɗa da garin 'ya'yan kuka da ɗan gishiri abin da yatsu biyu za su ɗauka, ta dama da tafasasshen ruwa ya yi salala, ruwa-ruwa kamar ba kunu ba. Tana da wani ɗan ludayi da bai fi babban yatsa ba, ya yi baƙi don riƙo. Da shi take ɗurawa. Ludayi ɗaya, ta jira. Wani ludayin, ta jira. In ya amayar ta ɗan dakata ta sake. Haka za ta wuni da yaro a cinya, ba ta tashi sai salla, har sai ya yi mata fitsari a zane. In ya yi sai ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya.

Yanzu zan faɗi nawa laifin, don in na ɓoye shi rubutun ba shi da amfani.

Lokacin ina saurayin falke, na yi aure ke nan, idona na kan duk abin da za a saya. Na ga yadda mata ke tururuwa ɗakinta, na tambaye ta abin da take haɗawa. Ta gaya mini tsaf, don ita ba ta ɗauke shi asiri ba. Na sa aka niƙa mini garin da yawa, na ƙuƙƙulle a ganye, na riƙa bazawa gefen kanwata a kasuwar Bakori da ta Malumfashi, ina cewa maganin zawo ne na Gwaggo. Sunanta ya sayar da shi, ba bakina ba. In an tambaye ni yadda ake sha sai in ce a dama a ba yaro safe da yamma. Ban ce komai a kan ruwa ba. Ban san akwai abin cewa ba.

Wata ranar kasuwar Bakori ina tsugune ina auna kanwa, sai na ga sandarta a gabana.

"Babana, mi kake sayarwa?"

Na ce, "Maganinki ne, Gwaggo. Ban rage ba, ban ƙara ba."

"Ka sa zaman a ciki?"

"Wane zama?"

"Zaman da nake yi da yaro tun hantsi har rana ta faɗi. A wane ganyen ka ƙulle shi?"

'Yan kasuwa suka fara matsowa. Na yi ƙasa da murya na ce ta bari mu je gida. Ta ce, "Gero ne fa da kuka, Babana. Kowace mace tana da su a ɗakinta. Za su dama shi da kauri su ba yaro sau biyu, su hana shi ruwa kamar yadda suka saba, su kwanta da daɗin rai sun ba da maganin Gwaggo. Da ba ka sayar musu ba, da sun kawo mini shi." Ta ɗauki faifan gaba ɗaya ta juye a gaban jakina. Ta ce, "Shi ya ci. Shi ba zai cutu ba."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Shekara guda ana kirana mai maganin jaki. Na daina sayarwa, amma ba don na gane ba, don kunya. Na kuma ɗauke ƙafata daga ɗakinta. In na dawo fatauci nakan aika mata da goro, ni ba na zuwa. Ta riƙa mayar da goron tana cewa a gaya mini ba goro ta yaye ba.

A cikin wannan gabar ɗana na fari ya kai wata tara, ya fara zawo a tsakiyar bazara.

Ɗan fari ne, kowa ya san abin da wannan ke nufi. Uwarsa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ya dame ta. Ni ma haka. In na shigo gida na gan shi sai in kau da kai kamar ɗan maƙwabta. Haka aka yi mana, haka muka ga ana yi, kuma wanda ya yi akasin haka ana ce masa marar ta ido. Rana ta farko matar baffana da ke gidanmu ta ce haƙori ne. Rana ta biyu ta ce a rage masa ruwa da nono. Matata tana gani yaron yana lanƙwashewa, amma yarinya ce, ta yaya za ta buɗe baki a gaban surukai ta ce ɗanta na fari zai mutu? Ni kuma na ji yadda kukansa ya canja, na shiga ɗaki na ɗauko sauran ƙullin nan nawa, na miƙa wa matar baffana ba tare da na dubi yaron ba, na ce a dama a ba shi safe da yamma. Na san inda ɗakin Gwaggo yake. Tsakaninmu bai fi tafiyar da mutum zai yi kafin a shanye ƙwaryar fura ba. Ban je ba.

Rana ta uku da sassafe matata ta saɓi yaron ta fita ba mayafi, ba ta tambayi kowa ba. Na bi bayanta. Na tarar Gwaggo ta riga ta ɗora shi a cinya. Ta shafa maɗigar, ta tsunkuli fatar cikin, fatar ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Ta yi tambayarta. Matata ta ce tun shekaranjiya. Gwaggo ba ta dube ni ba. Ta dama salala ta ɗauki ludayin.

Ta san ya wuce, na ga haka a fuskarta. Duk da haka ta wuni tana ɗurawa, yana gangarowa ta gefen baki, tana sharewa tana sakewa. Da la'asar ya cika.

Da muka dawo daga binne shi, mutane suna ta cewa kwana ne ya ƙare, na kuma san gaskiya ne. Na shiga ɗakinta na durƙusa. Na jira ta zage ni, na ma so ta zage ni. Sai ta ce, "Kwana na Allah ne, Babana. Ƙishirwar kuwa mu muka sa masa." Sannan ta ƙara da cewa, "Ku da kunyarku." Daga ranar har ta koma ga Allah ba ta sake tayar da maganar ba. Ni da matata ma ba mu taɓa yinta ba. Mun haifi wasu shida, duk Gwaggo ta raine su da ludayin nan, huɗu suna raye.

Abin da ke damuna, shekara talatin na yi ina zama kusa da ita bayan haka, don na dawo da ita gidana, ban ce wa ko ɗaya daga cikin matan gidana ta je ta koya ba. Kowa ya dogara da cewa Gwaggo na nan. In an ce mata ta koya wa wata sai ta ce, "Ban ɓoye komai ba, ƙofata a buɗe take. Kowa garin yake tambaya, ba mai son zaman." Ni da ba na barin zango sai na san inda zan sami ruwa a zango na gaba, ban taɓa tunanin ranar da za ta kwanta ba.

Ranar sadakar uku na shiga cikin gida da hantsi don in ga ko an gama gumba. Mata sun cika tsakar gida. A bakin ɗakin Gwaggo, kan tabarma, na ga yaro kwance, ƙuda na bin bakinsa bai kore ba. Jikana ne, ɗan ɗiyata da ke aure a Musawa, wadda ta zo gaisuwa kwana ɗaya kafin nan. Ɗanta na fari. Ita tana can nesa cikin mata tana tsince gero, ta ba shi baya.

Na durƙusa na shafa kansa. Maɗigar ta faɗa kamar an danna ƙullu da yatsa. Yana buɗe baki yana kuka, ido a bushe.

Na kira ɗiyata. Ta zo ta durƙusa, kanta a ƙasa. Na ce, "Yaushe rabon da ya jiƙa miki zane?"

Wata tsohuwa ta ce, "Haba Maigida, ɗan fari ne fa, ya za ka titsiye yarinya? Haƙori ne yake yi." Wata ta ce ai tun a hanya uwar mijinta ta ce kada a cika masa ruwa.

Na sake tambaya. Ɗiyata ta ce, murya can ƙasa, "Tun jiya da safe, Baba."

Sai na ga matata ta miƙe. Ta tsufa yanzu, gwiwa na damunta, amma ban ga lokacin da ta isa murhu ba. Ta sauke tukunyar sadaka ta ɗora ƙarama. Ta shiga ɗakin Gwaggo ta fito da garin da ludayin. Ta dama, ta ɗanɗana gishirin a harshe, ta ƙara ruwa. Ashe ita ranar da ɗanmu na fari ya rasu ba kuka kawai ta yi ba, kallo take yi. Da ta zo ɗurawa sai ta fasa. Ta miƙo mini ludayin. Muka dubi juna. Shekara talatin ba mu yi maganar ba, a nan ma ba mu yi ba.

Na zauna a ƙasa cikin mata, da babbar rigata ta saƙi, na ɗora yaron a cinya. Ludayi ɗaya, na jira. Wani, na jira. Ya amayar a hannuna, na share na dakata na sake. Sai a ranar na san nauyin abin da na bari a waje lokacin da nake ƙulle gari a ganye. Baya ya ƙage, ƙafa ta mutu, zuciya tana ta cewa a cika ludayin a gama.

Aka aiko daga zaure cewa madugun ayarinmu ya iso daga Maska don gaisuwa. Na ce ya yi haƙuri. Aka sake aikowa. Can sai ga wanzami ya leƙo daga bakin ƙofa ya ce, "An ce ka gaji tsohuwa. In aiko maka da zane da ɗankwali?" Na ce, "Aiko, amma zabirarka ta tsaya a waje." Ya daɗe yana kallon yaron, bai yi dariya ba, ya koma ya ce wa baƙi su ci gaba da addu'a ba ni.

Da na tashi sallar azahar na ce wa ɗiyata ta karɓe shi. Ta dubi matan, ta noƙe. Uwarta ta ce, "Karɓi ɗanki." Ta karɓa. Da na dawo na tarar tana ɗura masa tana yi masa magana a kunne. Na zauna muka riƙa karɓa-karɓa.

Ana kiran la'asar yana cinyata na ji ɗumi ya ratsa rigata har wando. Na ɗaga shi, rigar ta jiƙe sharkaf. Ba wadda ta yi guɗa, gidan makoki ne. Matata ce kawai ta juya ta shige ɗakin Gwaggo ta saki labule.

Yaron ya tashi. Yau kwana goma sha biyu, yana rarrafe yana jan gemuna.

Bafulatanar nan kuwa, washegarin sadakar uku na aika a nemo rugarsu. An tarar sun tashi, don ruwa ya sauka, sun ja shanu sun yi arewa. Ban san sunanta ba, ban san abin da ya sami yarinyar ba. Abin da ake bukata yana rataye a ɗakin da ta durƙusa a ƙofarsa, wadda ta iya damawa tana tsakar gidan, ni kuma ina tsaye da ƙwaryar goro. Wannan zan tafi da shi kamar yadda nake tafe da na farkon.

Na rubuta yadda ake haɗa garin a sama, na kuma san takarda ma ƙulli ce. Duk wanda ya karanta ya ɗauki gero da kuka ya bar zaman, ya maimaita abin da na yi a kasuwar Bakori.

Jiya ɗiyata ta yi shirin komawa Musawa. Ta zo sallama a zaure, ga baffanninta zaune, ga liman. Ta durƙusa ta ce tana da roƙo. Na ce ta faɗa. Ta ce, "Ludayin Gwaggo nake so, Baba. Saboda ɗana." Haka ta faɗa, ɗana, a gaban kowa, ba ta sunkuyar da kai ba. Wani baffanta ya yi gyaran murya. Na tashi da kaina na ɗauko na ba ta.

Allah Ya shayar da Gwaggo kamar yadda ta shayar da 'ya'yan mutane, Ya haɗa ta da biyar ɗinta, da nawa guda ɗaya.